An tura ni koyarwa Bilma: wace irin ƙasa ce, kuma ɗan Maraɗi zai iya zamanta?

"Assalamu alaikum Baba. Ni malamin makaranta ne, haifaffen unguwar Mokoyo a nan Maraɗi. Takarda ta fito, an tura ni gundumar Bilma, kuma cikin watan Oktoba za a buɗe makarantu. Iyakar tafiyata arewa Dakwaro ce. Mahaifiyata ta ce in nemi a canja mini, wai can ba gari ba ne, rairayi ne da ƙishirwa. Abokaina kuma suna cewa wanda ya yi laifi ake kaiwa. An ce mini kun yi aikin kiwo a jihar Agadas. Don Allah wace irin ƙasa ce, me mutanenta suke ci, yaya suke da baƙo? Kuma in tafi da matata da jaririnmu ko in bar su?"

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sanya albarka cikin wannan aiki. In na fahimce ka, kana son sanin yadda ƙasar take, da yadda mutanenta suke rayuwa har su karɓi baƙo, sannan shawarar iyali. Zan amsa maka da abin da na gani lokacin da nake aikin lafiyar dabbobi a jihar Agadas, aikin da ya sha kai ni Kawar, yankin da Bilma take ciki, da kuma abin da nake ji har yanzu daga bakin masu kawo gishiri da dabino kasuwanninmu.

Bari in fara da maganar Hajiya mahaifiyarka. Tsoronta yana da tushe, domin hanyar tana cin rai in aka yi mata sakaci. Inda ban bi ta ba shi ne cewa can ba gari ba ne. Bilma tana tsaye da sarautarta da kasuwarta ɗaruruwan shekaru kafin Katsinawa su kafa Maraɗin da muke ciki. Gidanku ma ya daɗe yana hulɗa da ita ba ku sani ba: kantun gishirin da ake ajiye wa tumaki su lasa, da busasshen dabinon da ake rabawa ranar suna, da yawansu daga can suka fito.

Yadda ƙasar take

Jihar Agadas ta fi rabin faɗin Nijar, murabba'in kilomita sama da 660,000, amma a ƙidayar 2012 mutanenta ba su kai rabin miliyan ba. Jiharmu ta Maraɗi ba ta cika murabba'in kilomita 42,000 ba, ga shi tana ɗauke da mutum sama da miliyan 3. Gundumar Bilma kaɗai ta ninka jiharmu sau da yawa, mutanenta kuwa a waccan ƙidayar ba su cika 20,000 ba. Ƙananan hukumominta huɗu ne: Bilma, Dirku, Fashi da Jado. Saboda haka abu na farko, ka bincika wace makaranta ce takamaimai aka ba ka, domin tsakanin zaman Dirku da zaman Fashi akwai rata babba.

Mu a nan da mun ce arewa sai mu yi mata kuɗin goro, alhali ƙasa uku ce daban. Akwai Abzin, ƙasar duwatsu a arewa da birnin Agadas, inda dutsen Bagazam ya haura mita 2,000, inda garuruwa irin su Timiya da Tabelot suke noman lambu da ruwan rijiya suna fitar da albasa da dankali da lemo da rumman. Gobirawanmu na Tibiri da bakinsu za su gaya maka a Abzin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Gabas da duwatsun sai Tenere, shimfiɗar rairayi ta ɗaruruwan kilomita, ba icce ba ciyawa. Icce ɗaya tal da ya yi suna a cikinta, wanda matafiya suke saiti da shi, mota ce ta kaɗe shi a 1973. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa. Sai ka ƙetare Tenere za ka iske Kawar, kuma can za ka.

Kawar dogon gefen dutse ne da ya miƙe daga arewa zuwa kudu kimanin kilomita 150, garuruwan kuma duk a gindinsa suke ta yamma, tun daga Sigidin da Anay da Dirku har Bilma a ƙarshen kudu. Ba haka kawai suka jeru a wurin ba. Dutsen yana tare musu iskar arewa maso gabas mai turo rairayi, ruwan ƙasa kuma a gindinsa kusa yake ƙwarai. A Bilma akwai idanun ruwa masu ɓulɓulowa da kansu, wani wurin kuma gina kaɗan za ka yi ka tarar da ruwa. Tsohon ruwa ne da ya taru a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin da Sahara take da tafkuna da namun daji, zamanin da aka sassaƙa raƙuman dawan da ke jikin dutsen Dabus a Abzin. Don haka ka gaya wa Hajiya ƙishirwar a hanya take, cikin gari akwai ruwa, har da inuwar dabino da lambuna.

Abin da babu shi ne ruwan sama. Mu shekarar da ta yi kyau muna samun milimita 500 ko fiye. A Bilma matsakaicin na shekara bai kai 20 ba. Babu damina, babu shuka, babu kaka irin tamu. Tsofaffin gidajen da ƙasa mai gishiri aka gina su, shi ya sa da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta na 2006 gidaje masu yawa suka jiƙe suka zube. In hadari ya haɗo ka ga hankalin mutane ya tashi, kada ka yi mamaki. Ruwan da muke roƙo a nan, can gini yake rushewa, ya ɓata gishiri, ya lalata dabinon da ke kan nuna.

Zafin bazara yana wuce digiri 45, amma busasshe ne, in kana da inuwa da ruwan sha za ka jure shi. Abin da ya fi kada mutanen kudu shi ne ɗarin Disamba da Janairu, lokacin da dare kan yi sanyi har kusa da daskarar ruwa. Na sha ganin ma'aikata sun zo da riguna marasa nauyi don an ce musu hamada za su, ƙarshe mura da ciwon haƙarƙari su kwantar da su. Ka tafi da bargo mai kauri, da rawani saboda iska mai ƙura, da man shafawa saboda kaushi. Ka tafi da gidan sauro ma. Inda ruwa yake kwance akwai sauro ko da a tsakiyar Sahara ne, kuma zazzaɓin cizonsa ba baƙo ba ne a Kawar.

Gishiri, dabino da hatsinmu

Ɗan tafiya kaɗan daga garin Bilma akwai Kalala, mahaƙar gishiri. Ranar da ka samu sarari ka je da sassafe. Za ka ga ramuka birjik a tsakanin tsibin ƙasar da aka kwashe shekara da shekaru, ko wane rami da mai shi, gado ne daga iyaye. Ruwan ƙasa yana tsattsafowa cikin ramin ya narkar da gishirin da ke cikin ƙasar, wani ramin ruwansa ja, wani rawaya, wani kamar tsanwa. Rana tana dukansa sai ɓawo ya kwanta a sama, mai ramin ya bi ya farfasa shi ya nitse, wani ya sake kwantawa. Mai kyaun, fari tas, shi ne beza, na miya. Sauran kuma a cuɗa shi da ƴar ƙasa a danna cikin ƙwaryar gangar dabino da aka fafe, a kife a rana ya bushe, shi ne kantu, mai nauyin kilo 20 ko fiye. Mata su kuma suna yin ƙanana a cikin kwano, ana ce musu foshi. Aikin a tsakiyar zafi ya fi kankama, don a lokacin ruwan ya fi saurin ƙafewa, kuma mutum tsaye yake cikin ruwan gishiri, in da ƴar tsaga a ƙafarsa sai ya ji a jikinsa. Tun da na ga wannan ban ƙara taya kantu da wulaƙanci ba.

Dabino shi ne ɗaya dukiyar. Da hannu ake yi masa barbara, a hau a sa furen namiji cikin na mace, a jira har ƙarshen zafi a sare nonnan. Ko wane icce da mai shi, ko ka gan shi nesa da gari kamar ba na kowa ba.

To amma gishiri da dabino ba sa zama tuwo. Nan ne abin da na fi son ka riƙe: Kawar ba ta noma abin da take ci, kuma tun fil azal hatsin ƙasar Hausa ne yake riƙe da ita. Abzinawa ne suke tsakani. Wajen watan Oktoba, daidai lokacin da za ka isa, ayarin raƙuma yake tasowa daga Abzin ɗauke da hatsi, ya ratsa Tenere ta Fashi ko ta rijiyar Ashegur, tafiyar kilomita sama da 500. Da yake babu kiwo a hanya, ko wane raƙumi da dammunan ciyawarsa yake tafe, ana sa masa takunkumi don kada ya ci na ɗan'uwansa da ke gaba, ana kuma ajiye wasu dammunan a zango saboda dawowa. Tun kafin hantsi ake kama hanya har dare ya raba, ba tsayawa, domin raƙumi mai kaya in ya tsaya ayari ya rikice. A tafe ake dama furar hatsi da cuku da dabino, a tafe ake dafa shayi, yaro yana rataye da ɗan murhu yana bi yana miƙa wa kowa. Madugu yana gaba, rana da taurari da kwanciyar rairayi su ne alamunsa.

Aikina ya sa na sha tarbar irin wannan ayari. Abin da nake fara dubawa shi ne gadon baya, inda kaya ya goge fata ya zama gyambo, sai tafin ƙafa. Raƙumin da tafinsa ya tsage, masu shi sukan kwantar da shi su ɗinka masa ƴar fata a wurin kamar ana yi wa takalmi faci, ya tashi ya ci gaba da tafiya. Mutanen nan sun san raƙumi fiye da yadda takarda ta koya mini, kuma da ladabi na zauna na ƙaru da su.

Sukan yi ƴan kwanaki a Bilma su sauke hatsi su ɗora kantu da dabino, su koma Abzin su huta, sannan su gangaro mana da rani: Damargu, Dakwaro, Mayahi, Tasawa, wasu har Katsina da Kano. Su sauka a gonakin da aka girbe, raƙuma su ci kara su bar wa mai gona taki, su sayar da gishiri su auni hatsi, kafin damina su koma gida. Ka tambayi duk wani tsoho a ƙauyukan arewacin Maraɗi, zai faɗa maka sunan Ba'abzinen da ke sauka gonar ubansa duk shekara. A farkon ƙarni na 20 ayari ɗaya kan haura raƙumi 10,000. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun karkashe raƙuma, manyan motoci kuma suka karɓe kaso mai yawa na kayan, amma ayarin bai mutu ba.

Yau za ka tarar da shinkafa da taliya da mai da tumatirin gwangwani, da yawansu ta Libiya suke shigowa, kuma farashinsu yana bin lafiyar hanya: in ta toshe sati biyu, komai ya tashi. Ganye da nama su ne masu wuya. Ka sa a haɗa maka kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da zogale da ƙuli-ƙuli mai yawa. Za su yi maka miya, za su kuma yi maka abokai, domin abin da ya fito daga Maraɗi yana da daraja a can.

Mutanen Kawar

Masu ramukan gishiri da tsofaffin unguwannin Bilma da Fashi Barebari ne. Ta Kawar babbar hanyar Borno zuwa Fezzan da Tarabulus na ƙasar Libiya ta bi, hanyar da ta ɗauki fatake da malamai da alhazai, ta kuma ɗauki bayi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Sarakunan Borno sun damu da ita, har Mai Idris Aloma ya kai yaƙi yankin a ƙarni na 16. Sai Tubawa, masu raƙuma da sanin hamada, waɗanda danginsu suka bazu har Cadi da Libiya, su ne kuma suka fi yawa ta wajen Jado. Auratayya ta haɗa ɓangarorin biyu tun da daɗewa. A Dirku kuwa za ka ga kowa: sojoji, direbobi, Hausawa masu shago da masu gasa nama, da baƙi daga ƙasashe daban-daban.

Maganar abokanka ma tana da asali. Faransawa sun kama Bilma a 1906 suka gina bariki, kuma saboda nisanta an sha mai da yankin wurin kai wanda hukuma take son nesantawa. Sunan ya bi ta. Amma yaran da za ka koyar ba su yi wa kowa laifi ba, kuma abin da ya fi ɓata mini rai a zamana can shi ne ma'aikacin da ke zuwa yana ƙirga kwanakin komawa, yana yi wa gari kallon kurkuku. Mutanen suna gane shi tun satin farko, su kuma janye jikinsu. Wanda ya zo da niyyar zama kuwa, dabino ba ya yankewa a ɗakinsa.

Da ka sauka, bayan shugabanninka na aiki, ka nemi wanda zai kai ka gaida Mai, wato sarkin garin, da liman. Gaisuwar Tubawa doguwa ce, ba a katse ta don ana sauri. Ba su da yawan magana da wanda ba su sani ba, kada ka ɗauka ƙiyayya ce. Barkwancinmu na Maraɗi da ɗaga murya irin ta kasuwa, ka riƙe su sai ka san wa kake yi wa. Kada ka tsinki dabinon da ba a ba ka ba, kada ka tambayi mutum yawan raƙumansa, kada ka sa baki cikin rigimar rami ko ta icce, domin tushenta ya girme ka. Wani abin da zai ba ka mamaki: auren zumunci da muke alfahari da shi, a wajen Tubawa abin kunya ne, ba sa auren dangi na kusa. Matansu kuma suna da faɗa a ji a gida da dukiyar kansu. In uwar ɗalibi ta zo maka da magana, ka saurare ta yadda za ka saurari uban.

A aji ne za ka fi jin baƙunta. A nan in Faransanci ya gagari yaro sai ka juya ka yi masa bayani da Hausa. Can manya da yawa suna jin Hausa saboda kasuwa, amma ɗan aji ɗaya da Barbarci ko Tubanci ya tashi. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta kalmomi tun ranar farko, ka sa yaran su koya maka ƙirga da gaisuwa. Ka kuma san cewa tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, har gwamnati ta rufe wurin a 2017, hankalin samari ya koma kan haƙa da tuƙin mota. Yaro yana ganin yayansa ya dawo da Hilux, kai kana ce masa ya zauna ya koyi lissafi. Wannan ita ce gwagwarmayarka ta gaske, kuma sai ka haɗa kai da iyaye.

Hanya

Daga nan ko ka bi ta Damagaram da Tanut da Adarbisanat, ko ta Tawa da Abalak, duka Agadas za su kai ka. Daga Agadas zuwa Kawar kimanin kilomita 600 ne, kuma da ka bar gari kwalta ta ƙare. Ƙaramar mota mai ƙarfi kan yi kwana biyu zuwa uku, babbar mota ta fi haka. An saba tafiya cikin jerin motoci da rakiyar sojoji, kuma shi nake ba ka shawara ka jira ko zai ci maka kwanaki a Agadas. Kada arha ko gaggawa su sa ka shiga motar da za ta tafi ita kaɗai ko ta kauce wa sananniyar hanya. Mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a arewa da Arlit cikin Oktoban 2013, yawancinsu mata da yara daga Kance, lalacewar mota ce ta jawo. Ka riƙe jarkar ruwanka ta kanka, wadda ta wuce abin da kake zaton za ka sha, kada ka dogara da na direba.

A nan ne ilimina yake da iyaka. Ƙasa da al'ada ba sa saurin canjawa, amma halin hanya yana canjawa wata zuwa wata. Dokar 2015 ta hana jigilar baƙin haure ta sauya yadda motoci ke bi, soke ta da aka yi a ƙarshen 2023 ya sake sauyawa, ga kuma ƴan fashi da ke bin masu zinariya. Labarin direban da ya sauko jiya ya fi nawa amfani. In ka isa Agadas ka je ofishin ilimi na jiha, ka nemi malaman Kawar da ke komawa daga hutu, ka bi ayarinsu.

Batun iyali

Ra'ayina, ka fara tafiya kai kaɗai. Ba don garin ba ya zaunuwa da iyali ba, na ga matan ma'aikata daga kudu da suka zauna lafiya har suka kama sana'ar abinci suka fi mazansu samu. Dalilina jaririn ne. Akwai wurin shan magani a manyan garuruwan, amma ciwon da ya fi ƙarfinsu sai Agadas, ka kuwa ji nisan. Ga shi za ku isa gab da ɗari, ba ka san ɗakin da za ka samu ba, ba ka san yadda albashi zai riƙa iso maka ba. Ka bar ta wajen Hajiya ko gidansu, yadda kuka daidaita, ka tsara yadda kuɗin cefane zai riƙa zuwa mata ba tare da ta roƙi kowa ba. Akwai layin waya a Bilma da Dirku, sai dai yakan ɗauke, don haka ka shaida musu tun yanzu cewa shirun kwana uku ko huɗu ba alamar wani abu ba ne.

Ka yi shekarar karatu ɗaya, ka dawo hutu ka ba ta labarin gaskiya, mai daɗi da marar daɗi, ta faɗi nata ra'ayin. In a Bilma ko Dirku kake, ka samu gida mai kyau, yaron kuma ya yi ƙwari an gama masa rigakafi, ba na ganin laifi ku koma tare. In Fashi ce ko wajen Jado, ka ƙara jinkirtawa. Duk lokacin da za ka ɗauko su, ka bari sai zafi ya karye, wajen Oktoba ko Nuwamba. Kada ka ratsa Tenere da mace da ƙaramin yaro a watan Mayu ko Yuni.